Batirin da Aka Ɗauke wa Kawu

Haƙƙin mamaci a kan masu rai sananne ne. A yi masa wanka, a sallace shi, a raka shi makwancinsa, a roƙa masa gafara. Duk waɗannan mun yi wa Kawu, yayan mahaifiyata, ba a rage komai ba. Saura haƙƙi guda wanda ba ya wuyan kowa sai nawa. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina riƙe da kundin ƙungiyarmu ta manoman rani a matsayin magatakarda, kuma a cikin kundin nan akwai layi ɗaya da na rubuta a kansa da hannuna wanda ba gaskiya ba ne. Ranar da na rubuta shi ban san haka ba. Yanzu na sani, shi kuwa ba ya nan balle in nemi gafararsa. Don haka na rubuta wannan ta'aziyya, domin in karanta ta a gaban taron ƙungiya, a kuma liƙa ta a kundi kusa da wancan layin.

Kwana uku muka yi muna zaman makoki a ƙofar gidansa. Mutane sun zo daga Kura da Bunkure, har daga Dawakin Kudu, kowa da abin da ya tuna. Wani ya ce shekara ashirin Kawu na raya masa rediyo guda. Wata tsohuwa ta aiko daga cikin gida a faɗa wa maza cewa shi ya tayar mata da keken ɗinki bayan kowa ya ce ta jefar. Amma akwai maganar da ta riƙa dawowa. Mutum zai shafa addu'a, ya yi mana haƙuri, sa'an nan ya karkata wajen na kusa da shi ya ce, "Ai shi ne mai injin nan da ya ƙi buɗe ruwa." Sau bakwai na ji ta. Ƙirga abu ɗabi'ata ce, ba na iya bari. Wani dattijo ma, da kyakkyawar niyya, cewa ya yi, "Mutumin kirki ne ƙwarai. Sai dai da tsufa ya zo, sai ya koma wasan yara." Aka yi murmushi, aka ce Allah Ya yafe mana baki ɗaya. Ban musa masa ba, domin abin da kundina ya faɗa ke nan.

Waɗanda suka fi kowa daɗewa a kan tabarma su ne mutanen wutsiyar kanal, wato magudanar ban ruwanmu, masu gonakin da ruwa ke isa a ƙarshe, in ya isa. Su ba su ce komai a kan inji ba. Zama kawai suka yi, irin zaman mutanen da suka gaji da jira.

Kawu ya yi aikin wayoyi a birni shekaru masu yawa kafin ya ajiye ya dawo gida. Dogo ne siriri, tabaraunsa ƙafa ɗaya ɗaure da zare. Zaurensa kullum warin dalma yake, gwangwanayen madara jere a kan katako, kowanne da irin kusar da ke ciki. Ba ya haɗa waya biyu sai ya bi kowacce da yatsa daga tushe zuwa ƙarshe, leɓensa na motsi kamar mai lazimi. Ba ya kirana da sunana. "Magatakarda," zai ce, "ajiye biron nan ka riƙe mini wannan, ko yau hannunka ya yi aiki."

A kusurwar zauren akwai benci na wani bakanike, mutumin Filato, Kirista, wanda ya zo garin nan ba shi da ko sifana. Kawu ya ba shi wuri da kayan aiki. Ranar Lahadi, in bakanike ya tafi coci, Kawu ke karɓar masu kawo injin ban ruwa. Ranar Juma'a kuwa bakanike ke tsare zaure. Shekaru suka yi a haka, ban taɓa jin sun zauna sun tsara shi ba.

Gonar Kawu a tsakiyar kanal take, ruwa bai taɓa yanke masa ba. Damuwar ba tasa ba ce, ɗauka ya yi. Kowa a nan ya san tsarinmu: kowane layin gonaki da sa'o'insa. Na sama su buɗe, lokacinsu ya cika, su manta da rufewa. Tumatirin na ƙasa ya yi yaushi, albasa ta ƙi yin kai. A zo taro, a yi rantsuwa, in rubuta. Na cika shafuka da rantsuwar mutanen da nake bin su salla. Kawu ya taɓa ce mini, "Ku ba ƙarancin ruwa gare ku ba, ƙarancin mai rufewa gare ku. Wanda aka sa ya rufe, gonar baffansa ce, yaya zai yi? Ƙofa muke so wadda ba ta da dangi, ba ta jin kunyar kowa."

A shekarun da wayar salula ta fara cika ƙauyukanmu, wani tsohon almajirinsa na aikin waya da ya tafi karatu ƙasar waje ya aiko masa da ƙunshi. A ciki akwai wani ɗan allo mai ƙwaƙwalwa, bai fi tafin hannu ba, wanda ake zuba wa umarni ta kwamfuta ya riƙe. Akwai kuma ƙananan injuna uku da ake kira sarbo, kowanne kamar akwatin ashana, da ɗan hannu da ke juyawa ya tsaya daidai inda aka ce ya tsaya. Kawu ya yi ta zirga-zirga zuwa Kano wurin wani mai kwamfuta, har allon ya haddace sa'o'in ban ruwa. Ya yanko murafe uku daga tsohon faranti, ya sa su a bakin bututu uku, kowane murfi da sarbonsa. Bai taɓa cewa wannan na'ura za ta ɗaga babbar ƙofar kanal ba. Samfuri ce, in ji shi, don a ga yadda abin zai kasance.

Wata rana da hantsi ya zaunar da ni ya miƙo mini sarbo ɗaya.

"Waya nawa ka gani?"

"Uku, Kawu."

"Madalla, karatu bai ɓaci ba. Rawaya saƙo take kaiwa, ita ke zuwa wurin allo. Baƙa hanyar komawa ce, dole a haɗa ta allo da ta batir wuri guda, in ba haka ba ba za su fahimci juna ba. Ja kuwa abinci ce. Daga batirinta za ta sha, ba daga jikin allo ba."

Na nuna masa wani ɗan rami a gefen allon, na ce ai ga wurin wuta nan an tanada.

"Wannan? Wutar da allo ke rayuwa da ita ce, ko kunun safe ba ta kai ba. Duba." Ya soka jar wayar a ramin, hannun sarbo ya juya sumul. "Ka gani? Ɗaya ne, a kan tebur, ba ya ɗauke da komai. Haka yake ruɗar mutane. Amma sa uku, ruwa na danne da murfi, su ja wuta gaba ɗaya. Sai allo ya suma. Ya farfaɗo, ya manta inda ya tsaya, ya faro daga farko, su sake ja, ya sake suma. Allo umarni yake bayarwa, ba ƙarfi ba. Kamar kai ne, Magatakarda. Kai ke rubuta a yi noma, amma a ba ka fartanya a ga ikon Allah."

Wannan wasan na sarbo ɗaya yakan yi wa duk wanda ya shigo zaure, don ya ga mamakin fuskarsa. Wasu sukan tsaya su ji bayanin da ke biye. Wasu sukan yi dariya su fita.

Batirin da ke ciyar da sarbon uku tsohon batirin babur ne, jikinsa a tsage, an ɗaure shi da robar tayar keke. Inna, matar Kawu, ta tsane shi, domin ruwansa ya cinye mata tabarma biyu. Duk ranar kasuwar Bunkure Kawu kan ɗora shi a bayan keke ya kai wurin masu cajin waya. Da shi na'urar ta yi mako uku tana aiki a bakin gonarsa. Na gani da idona. Lokaci na cika murfi ɗaya zai rufe, na gaba ya buɗe, ba wanda ya taɓa. Mutanen wutsiyar kanal suka riƙa zuwa suna tsugunawa suna kallo. Ban rubuta ko kalma ɗaya a kan waɗannan makonni uku ba, domin ba a zaman taro aka yi su ba. Wannan ma kuskurena ne, kuma ina son a san da shi.

Ni na rubuta takardar da ta gayyato baƙi daga ofishin da ke kula da ruwa. Shugaban ƙungiyarmu ya sa hannu, shi ne kuma mijin babbar 'yar Kawu. Ranar da suka zo aka kafa rumfa a bakin kanal, aka jera kujeru, aka ɗaura lasifika a jikin sanda. Kawu ya haɗa kayansa tun da sassafe, ya gwada, ya so ya zauna kusa da su a kan turmi. Aka ce ina, ba zai yiwu ba, dattijo kamarsa a tsugune cikin taɓo ga baƙi a zaune. Aka matsa masa ya je ya sa babbar riga, aka zaunar da shi a sahun gaba, bayansa ga na'urar.

Janareto ya ƙi tashi. Aka ja, aka ja, baƙi suna duba agogo. Ni ina kan tebur ina rubuta sunayen mahalarta, ban ɗaga kai ba sai da na ji lasifika ta yi ƙara. Aka ce an samu wuta. Na tashi na karanta jawabin maraba, shafi huɗu, ban tsallake muƙamin kowa ba.

Sa'an nan aka taso gaba ɗaya zuwa bakin bututu, shugaba ya kunna. Murafen uku suka yi karkarwa, suka ɗan ɗaga, suka koma. 'Yar fitilar allon ta mutu, ta kama, ta mutu. Suka sake karkarwa kamar kaza a ruwan sanyi. Wani daga baya ya ce, "Zazzaɓi take yi!" Aka fashe da dariya, har baƙi.

Ga abin da na gani, kuma sai yanzu nake rubuta shi. Kawu ya ratsa mutane a hankali, ya tattare rigarsa, ya sunkuya. Ya ɗora yatsa a kan jar waya ya bi ta har inda ta ƙare. Ya miƙe. Ya dubi lasifikar da ke jikin sanda, ya dubi shugaba, shugaba na kallon ƙasa. Babban baƙon ya ce, "Baba, ko akwai abin da za a gyara?" Kawu ya ce, "Babu, ranka ya daɗe." Ya koma kujerarsa ya zauna.

Baƙi suka ce za su tafi da na'urar a duba ta. Aka naɗe ta a buhu aka sa a bayan mota. Washegari na rubuta a kundi cewa an gwada na'urar a gaban shaidu, ta gaza, kuma mai ita ya amsa cewa babu gyara.

Kafin in rubuta sai da na je wurinsa, kuma a nan muka yi saɓanin da ban taɓa yin irinsa da shi ba.

"Kawu, me ya faru?"

"Me ka gani?"

"Na ga ta ƙi."

"To, rubuta abin da ka gani. Aikinka ke nan."

Raina ya ɓaci. Na ɗaga murya a zauren yayan mahaifiyata, abin da har yau nake jin nauyinsa. Na ce da ya san ba ta nuna ba, da bai bari na gayyato mutane da sunana a takarda ba. Na ce ya sa mutanen wutsiya sun sa rai a banza. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga.

"Jawabinka dai ya fita," ya ce. "Har bakin titi an ji."

Na fita ina ganin ya kauce wa magana ne.

Rani biyu ya yi bayan haka. Bai sake ambaton na'urar a gaban mutane ba. Sau uku ya roƙe ni in rubuta takardar neman a dawo masa da ita, na rubuta, ba a amsa ba. Ya ci gaba da gyaran rediyo, amma wasan sarbo ya ƙare, zauren ya yi shiru. Na ƙasa suka ci gaba da rasa ruwa, na sama suka ci gaba da rantsuwa, ni kuma ina rubutawa.

Ranar sadakar uku, bayan la'asar, bakanike ya ja ni gefen katanga. Idanunsa sun yi ja.

"Malam, Baba ya sa na yi alkawari ba zan faɗa ba yana raye. Yanzu kuwa na kasa barci da ita. Ran nan da janareto ya ƙi, shugaba ne ya zo ya kwance batirin ya kai wa lasifika. Na ce, Alhaji, kar ka yi. Ya ce in yi shiru, ai ya ga Baba na juya abin da allo kaɗai. Shi ya soka jajayen wayoyin a jikin allo da hannunsa."

Na ce, "Kai kuma ka tsaya kana kallo?"

"Malam, ni baƙo ne a taron nan. Shugaba ne, surukin Baba ne. In ratsa manya in je in raɗa wa Baba a sahun gaba? Na yi niyya, wallahi, sai kai ka fara jawabi." Ya share fuska. "Da yamma na ce, Baba, me ya sa ba ka faɗa ba? Ya ce, in tsaya gaban baƙi in nuna mijin 'yata da yatsa? Da wane ido za ta dube shi, da wane ido zai shigo gidan nan?"

Sai a lokacin na gane da wutar wa na karanta shafi huɗu.

Na shiga wurin Inna. Ban gama tambaya ba ta jawo wani littafi daga ƙarƙashin katifa. "Malam ya ce in ka tambaya in ba ka, in ba ka tambaya ba in bar shi." Zane-zanen wayoyi ne, shafi bayan shafi, ja da baƙi da rawaya. A shafin ƙarshe ya rubuta: An cire batir. An kai ja jikin allo. Ba laifin inji ba ne. Bai sa sunan kowa ba. Sa'an nan ta nuna mini batirin a ƙarƙashin teburin zaure. "Ga abokin gabata can. Duk kasuwar Bunkure sai ya kai shi caji, har makon da ya kwanta. In ce, Malam, me za ka kunna da shi? Ya ce, in sun dawo da ita kar ta tarar da yunwa."

Na je wurin shugaba ni kaɗai, domin ban yarda a karanta wa mutum laifinsa bai ji daga bakina ba. Bai musa ba.

"Malam, baƙi sun zauna, ba lasifika. Me za a ce da mu? Kuma na ga Baba da idona yana juya shi ba batir."

"Ɗaya ka gani, Alhaji, a kan tebur. To bayan nan fa? Rani biyu."

"Shi ma ai bai faɗa ba," ya ce. "Kullum na zo gaishe shi sai ya tambaye ni yara."

Ba na kiran sa mugu. Ya ji kunyar baƙi ya cire batir, Kawu ya ji kunyarsa ya yi shiru, bakanike ya ji kunyar manya ya tsaya, ni kuma na rubuta abin da na gani ban tambayi abin da ban gani ba. Mutumin da ya ƙera ƙofar da ba ta jin kunyar kowa, kunya ce ta rufe masa baki. Na girmama dalilinsa, amma ban yarda da shi ba, kuma da yana raye da na faɗa masa, da ladabi wannan karon. Domin ba sunansa kaɗai shirun ya ci ba. Ya ci albasar mutanen wutsiya rani biyu.

Abin da ya tsayar da ni shi ne 'yarsa, wadda don ita aka yi shirun. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa ba tsiya. Na same ta a tsakar gida na gaya mata komai, na ce in ta ce in bari zan bari.

"Kai dai kullum sai ka makara," ta ce. "Baba ya kare mini gida, na gode masa. Amma ina zaune a ɗaki ina jin ana ce wa ubana mai wasan yara. Maigida zai ji nauyi, ba zai mutu ba. Rubuta, kuma kar ka yi mana shafi huɗu."

Na wuce huɗu, ta yafe mini.

Saboda haka, a matsayina na magatakarda, ina gabatar wa wannan taro buƙata a hukumance. Ina roƙon a naɗa dattawa uku, ɗaya daga cikinsu lallai daga wutsiyar kanal, su saurari bakanike da shugaba da ni, su duba littafin marigayi. In sun tabbatar da abin da na faɗa, a ba ni izini in ja layi a kan abin da na rubuta, ba gogewa ba, domin a ga kuskuren a ga mai shi, in rubuta gaskiya a ƙarƙashinsa, har da makonni ukun da na'urar ta yi tana aiki. Ina roƙon a aika da wannan gyara ga ofishin da aka aika wa rahoton farko, kuma wannan karon ba takarda kaɗai za a tura ba, mutane za su je da ƙafarsu su nemo buhun nan a duk siton da aka jefa shi. In an same shi, a sake gwaji a bakin bututun da aka yi na farko, a gaban waɗanda suka yi dariya. Bakanike ya iya haɗin, zanen kuma yana nan. Ba rumfa, ba kujeru, ba jawabi.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya haskaka makwancinsa, Ya yafe masa, Ya yafe mana abin da muka yi masa. Batirin yana wurina. Ranar kasuwar da ta wuce na ɗora shi a bayan keke na kai Bunkure, kuma haka zan riƙa yi har taron nan ya ba ni amsa.